MAKARANTAR JINGWU TA SHANGAI: WA YA KAMATA A YABA?

Duk wanda ya taɓa shiga gidan sinima a Yamai, ko Maradi, ko Damagaram cikin shekarun 1970 da 1980 ya san Bruce Lee, ko da bai san sunan gari guda na ƙasar Sin ba. Cikin finafinansa akwai wanda ya fito a shekara ta 1972, aka nuna shi a ƙasashe masu aiki da Faransanci da sunan La Fureur de vaincre. A ciki, wani almajiri mai suna Chen Zhen ya komo birnin Shangai ya tarar ana binne malaminsa, ya gano guba aka ba shi, sa'an nan ya bi waɗanda suka yi wannan aiki ɗaya bayan ɗaya. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, makarantar da aka gina labarin a kanta tana nan da gaske. Sunanta Jingwu, a tsohon rubutu kuma Chin Woo. An buɗe ta a 1910, har yau ana koyarwa da sunanta. Malamin ma, Huo Yuanjia, mutum ne da ya rayu ya mutu. Almajirin nan mai ramuwar gayya shi kaɗai ne uwa ba ta haifa ba: marubucin fim ɗin, Ni Kuang, shi ya ƙaga shi.

Ba a tuhumar mai fim don ya ƙara gishiri, sana'arsa ke nan. Sai dai gishirin nan ya yi yawa har ya ɓoye ɗanɗanon miyar. Yau in an ambaci Jingwu sai a ce Huo, a kawo zancen guba, a kawo zancen Japanawa, a tashi. Alhali kuwa Huo bai cika wata 3 yana koyarwa a makarantar ba ajali ya same shi. Gidan da ya haura shekara 110 yana tsaye, hankali ba zai ɗauka aikin wata 3 ne ya riƙe shi ba. Waɗanda suka riƙe shi ƴaƴan ƴan kasuwa ne, da wani marubuci, da malamai masu karɓar albashi, da wata mace. Su ya kamata a nemo, a ba su haƙƙinsu.

Kafin mai karatu ya gane nauyin abin da suka yi, sai ya dubi halin da wannan sana'a take ciki a farkon ƙarni na 20. Dabarun faɗa na Sinawa, waɗanda su suke kira wushu, duniya kuma ta fi saninsu da kunfu, sana'ar gado ce kamar ƙira ko wanzanci. Uba yana koya wa ɗa, ba ya koya wa ɗiya, domin ɗiya aure za ta yi ta tafi da asirin gidan wani. Baƙo in yana so, sai ya durƙusa gaban malami ya miƙa masa shayi, ya yi shekaru yana hidima kafin a nuna masa abin kirki. Da yawa cikin malaman ba su yi karatu ba, abin da suka sani yana cikin hannuwansu da ƙafafunsu. Kowane gida yana raina na maƙwabcinsa. In malami ya mutu bai gama bayarwa ba, abin da ya rage ya bi shi kushewa.

Abinci kuwa, galibi ta hanya biyu mai wannan sana'a yake samunsa: ko aikin soja, ko rakiyar ayari. Dukansu zamani ya toshe su. Jirgin ƙasa da jirgin ruwa suka karɓe kayan fatake, bindiga ta zubar da darajar mashi da takobi, a 1901 kuma gidan sarautar Qing ya soke jarrabawar soja ta gargajiya, wadda a cikinta ake gwada mutum da harbin kibiya bisa doki da ɗaga dutse mai nauyi. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne wanda ya faru a 1900. A arewacin ƙasar, talakawan ƙauye waɗanda fari da yunwa suka gallaba suka taru cikin wata ƙungiya da Turawa suka laƙaba wa suna Ƴan Dambe. Suna motsa jiki irin na ƴan kunfu, suna kiran iskoki, sun kuma gaskata harsashi ba ya huda su, kamar yadda ɗan tauri ya gaskata wuƙa ba ta cinsa. Suka far wa baƙi da Sinawa Kirista, suka kewaye unguwar jakadu a Pekin. Cikin watan Agusta sojojin ƙasashe 8 suka shiga birnin, harsashi kuwa ya huda. Yarjejeniyar 1901 ta aza wa Sin diyyar azurfa tael miliyan 450, kowane tael wajen giram 37, a biya cikin shekara 39. Watau kusan tael guda bisa kan kowane mutum na ƙasar, babba da yaro. Tun daga nan, mai ilimi a Sin in ya ji an ce dambe, abin da ke faɗo masa a rai jahilci ne da tsafi da biyan tara.

Cikin wannan duniya Huo Yuanjia ya yi zamaninsa. An haife shi a 1868 a ƙauyen Xiaonanhe, kusa da birnin Tiyanjin. Ubansa yana noma, yana kuma rakiyar ayari zuwa Mancuriya, gidansu yana da salon faɗa nasa da ake kira mizong, watau ɓatar da sawu. Yaron ya tashi da rashin lafiya har uban ya ƙi koya masa, don kada ya kunyata gidan. Labarin da ake bayarwa shi ne yana laɓewa yana kallon ƴan'uwansa, daga baya ya shiga cikin itatuwan magarya ya gwada shi kaɗai. Da ya girma ya kama aiki a wani shagon magunguna na Tiyanjin, wurin wani mai suna Nong Jinsun, mutum mai karatu wanda yake tare da masu neman kifar da sarauta. Huo ya yi abu guda tun a can wanda ya cancanci a rubuta masa: ya karɓi wani bare, Liu Zhensheng, ya koya masa abin gidansu. Ƙofar da kakanni suka rufe, shi ya fara sassauta ta.

Shangai ta wancan lokaci birni ne mai iyayengiji da yawa. Tun yarjejeniyar 1842, bayan yaƙin da Ingila ta ci Sin da shi kan cinikin ofiyom, Turawa suka sami unguwanninsu a ciki, da ƴan sandansu da kotunansu: unguwar Faransa daban, ta Ingila da Amurka daban. Basine baƙo ne a garinsu, jaridu kuma suna ta maimaita wani suna mai ciwo da aka laƙaba wa ƙasar, wai majiyyacin Gabashin Asiya. A 1909 wani Bature mai wasan nuna ƙarfi a dandali, O'Brien, ya sauka birnin, aka baza cewa yana cika baki yana raina Sinawa. Waɗansu ƴan kishin ƙasa suka aika Tiyanjin aka zo da Huo. Aka yi ta ciniki kan sharuɗɗa, aka sa rana a lambun Zhang. Labarin da ya fi yawa a wurin Sinawa shi ne Baturen ya bar gari kafin ranar. Ashe dai babban sunan da Huo ya yi a Shangai, kan karon da ba a yi ba ya yi shi. Wannan ba aibu ba ne gare shi, shi ya zo, wancan ne bai zo ba. Amma yana nuna irin ƙishirwar da mutanen birnin ke fama da ita: shekara kusan 70 suna shan wulaƙanci, ko labarin gudun Bature guda ya ishe su biki.

Masu hangen nesa cikinsu suka ga kada wannan zafi ya huce a banza. Nong Jinsun, da Chen Qimei, wanda zai zama gwamnan soja na Shangai bayan juyin juya halin 1911, da waɗansu, suka tara kuɗi suka yi hayar wani tsohon gida a Zhabei, unguwar talakawa da ke hannun hukumar Sin, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ran 7 ga watan Yuli 1910 aka buɗe, da almajirai 73. Jing na nufin abin da aka tace, wu na nufin faɗa; amma a cikin sunan farko sai aka haɗa da kalmar da ake kiran motsa jiki irin na lakkol da ita, suna wanda ba zai tayar wa hukuma hankali ba shekara 10 kacal bayan Ƴan Dambe. Chen Qimei kuwa da tasa manufa: samari yake so masu ƙarfi da horo, domin ranar da za a tashi.

Kafin shekarar ta ƙare Huo ya mutu, yana da shekara 42. Ya gwada ƙarfi da waɗansu ƴan judo Japanawa mazauna Shangai, wani likita Bajapane ya ba shi magani, ciwonsa ya tsananta. Littafin da makarantar ta buga a 1919 ya aza laifin bisa maganin nan. Chen Gongzhe, ɗaya daga cikin almajiran farko, wanda ya gan shi da idonsa, ya rubuta cikin shekarun 1950 cewa da ma malamin yana fama da tarin jini. A 1989, da aka sake wa ƙasusuwansa kabari, an ga baƙaƙen tabo waɗanda waɗansu suka ce alamar gubar arsenik ce. Waɗansu kuma suka tuna cewa wannan sinadari yana cikin magungunan gargajiya na Sin tun da daɗewa. Gardamar tana nan. Amma ko guba ce ko ciwo, abin da ya sami makarantar guda ne: ta wayi gari ba malami, ba kuɗi, almajirai suna zamewa da ɗaya ɗaya. Bisa al'adar da aka gada, nan ya kamata labarin ya ƙare, kamar yadda na ɗaruruwan makarantu irinta ya ƙare ba wanda ya ji.

Samari uku suka ƙi. Chen Gongzhe, ɗan shekara 20 a lokacin, ɗan gidan masu sayar da kayan ƙarfe. Da Lu Weichang. Da Yao Chanbo. Ba wanda ya shahara da doke kowa cikinsu. Abin da suka iya shi ne riƙon littafin lissafi, da rubuta wasiƙa, da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Saboda yawan abin da suke zubawa daga aljihunsu, har aka yi musu laƙabi da Kamfanoni Uku na Jingwu. A 1915 guguwar teku ta rushe rumfar da ake horo a ciki. Chen ya ba da filin gidansu, su ukun suka haɗa kuɗi suka gina sabon gida, aka tare a 1916, aka kuma sake suna ya zama Ƙungiyar Wasannin Motsa Jiki ta Jingwu.

A wannan gida ne aka yi ainihin aikin, shi ne kuma wanda fim ba ya nunawa, domin ba jini a cikinsa. Suka ɗauki malamai daga gidaje daban daban suka tara su ƙarƙashin rufi guda, kowa da albashinsa da lokacin darasinsa. Malami ya zama ma'aikacin ƙungiya, almajiri kuma ɗan ƙungiya ne mai biyan kuɗin shiga, ba yaron gidan kowa ba. Zhao Lianhe, mutumin lardin Hebei, ya zama babban malami. Daga baya Chen Zizheng ya zo da salon farcen gaggafa, Luo Guangyu ya zo da salon ƙoƙi-ƙoƙi, Wu Jianquan kuma, bayan ya sauko Shangai a 1928, ya koyar da taici, wannan mai tafiya a hankali kamar ana iyo cikin iska. A da, irin waɗannan mutane in sun haɗu gwajin ƙarfi ne ya haɗa su. Don kashe wutar gasa, ƙungiyar ta kasa salon faɗa bisa kogunan ƙasar: na Rawayan Kogi, na Yangtse, da na Kogin Lu'ulu'u a kudu. Wannan dabara ce ta mai hankali. Mutum yana iya zagin gidan wani, amma zagin kogi da wuya.

Sa'an nan suka tsara karatu. Aka zaɓi darussa 10 na tushe, waɗanda kowane ɗan ƙungiya sai ya iya su kafin ya zaɓi salon da ransa ke so. Na farkonsu shi ne tantui, watau shuri mai tsalle kamar sakin baka, layi 12, kowane layi da motsinsa da ake maimaitawa dama da hagu. Ana yinsa cikin sahu, mutum 50 ko 100 gaba ɗaya, malami yana ƙirga, abin da ba ya yiwuwa a tsakar gidan malamin gargajiya mai almajirai 5. Wanda ya yi shekara 2 ya ci jarrabawa ya sami takardar mataki na farko, shekara 4 na tsakiya, shekara 6 na ƙoli. Cikin ƙa'idodinsu har da hana ɗan ƙungiya ɗaga hannu a kan ɗan ƙasarsu. Gefen faɗa kuma aka buɗe azuzuwan kiɗa, da rubutun hannu, da ɗaukar hoto, da ƙwallon ƙafa da na kwando, da koyon harshen ƙasa, domin ɗan Kanton da ɗan Hebei ba sa jin maganar juna.

Abin da ya fi dukan waɗannan ƙarko shi ne takarda. Wani ɗan jarida mai suna Chen Tiesheng ya shiga ƙungiyar ya zama alƙalaminta. Malami ya tsaya ya yi motsi, a ɗauki hotonsa, Chen Tiesheng ya rubuta bayani ƙarƙashin hoton: ina ƙafa take, ina ido yake kallo, wane hannu ke gaba. Babbar maɗaba'ar Shangai, Commercial Press, wadda ke buga littattafan makarantu na ƙasar, ita ta buga su, aka sayar wa duk mai kuɗin saye. Asirin da ake durƙusawa shekaru kafin a gani ya koma abin da ɗan lakkol zai buɗe bisa tebur. A 1919 suka fitar da babban kundin cikar shekara 10, da hotuna da ƙa'idodi da sunaye, Sun Yat-sen, uban jamhuriyar Sin, ya rubuta masa gabatarwa, ya kuma ba su rubutun hannunsa na haruffa 4 masu yabon zuciyar jarumta.

Ba kowa ne ya yi murna ba, masu sukar kuma ba wawaye ba ne. A 1918 Lu Xun, wanda ake ɗauka babban marubucin Sin na ƙarni na 20, ya yi wa masu son cusa dambe a makarantu ba'a cikin mujallar Sabbin Matasa. Abin da yake nufi a taƙaice: hannu ba ya tare igwa, an riga an gwada a 1900, kowa ya ga abin da ya fito. Chen Tiesheng ya mayar masa da martani cewa Ƴan Dambe iskoki suka dogara gare su, wannan kuwa motsa jiki ne na ɗan Adam, shi kansa ya sami lafiya ta hanyarsa. Lu Xun ya sake amsawa a 1919 cewa ba ruwansa da mai yi don lafiyar jikinsa, abin da yake tsoro shi ne a mai da shi maganin ciwon ƙasa. In an auna da adalci, kowannensu yana da rabin gaskiya, tarihi kuma ya biya kowa nasa. A ƙarshen watan Janairu 1932 jiragen saman Japan suka yi wa Zhabei ruwan bama-bamai, unguwar nan da aka haifi Jingwu. Maɗaba'ar Commercial Press ta ƙone, babban ɗakin karatunta mai littattafai fiye da 400,000 ya zama toka. Ba shuri ko guda da ya kakkaɓo jirgi. Lu Xun ya yi gaskiya. Amma littattafan tantui da aka buga a wannan maɗaba'a sun riga sun haye teku shekaru da dama kafin gobarar, ana buɗe su a garuruwan da bam ɗin bai kai ba.

Yadda suka haye tekun ma abin lura ne. Malaman ƴan arewa ne, amma masu kuɗin da almajirai da yawa ƴan asalin Kanton ne, mutanen kudu waɗanda danginsu suka bazu ko'ina cikin Kudu maso Gabashin Asiya suna kasuwanci da haƙar kuza da aikin gonakin roba. Reshen Hankou ya buɗe a 1918, na Kanton a 1919, na Foshan a 1921, na Hongkong a 1922. A 1920 ƙungiyar ta tura manzanni 5 cikin jirgin ruwa zuwa Biyetnam, Singafo, Malaya da tsibiran da yau ake kira Indonesiya. Ba ƙalubale suka je yi wa kowa ba. Littattafai suka ɗauka, da wani fim da suka ɗauka da kansu na ƴan ƙungiya suna horo, suna haskawa a makarantun Sinawa da zaurukan ƴan kasuwa. Gani ya kori ji. A 1921 reshe ya tsaya a Kuala Lumpur. Ɗan Huo na biyu, Huo Dongge, ya bi wannan hanya a 1923, ya zauna tsibirin Jawa yana koyarwa, can ya mutu a 1956. Bisa lissafin ƙungiyar kanta, zuwa 1929 tana da rassa 42 da mutane fiye da 400,000.

Cikin manzannin nan 5 akwai mace guda, Chen Shichao, ƴar'uwar Chen Gongzhe. Sai mai karatu ya tuna cewa a 1912 ne jamhuriya ta haramta ɗaure ƙafafun ƴan mata, al'adar da ke karya ƙasusuwan yarinya tun tana ƙarama don ƙafar ta tsaya ƴar mitsitsiya, a ƙauyuka kuwa an daɗe ana yi bayan dokar. Cikin irin wannan ƙasa Chen Shichao ta shiga makarantun ƴan mata tana koya musu shuri, a 1920 kuma aka kafa sashen mata na Jingwu tana kan gaba. Sana'ar da aka hana ɗiya don kada ta kai gidan miji, ga ɗiya ta kai ta ƙetaren teku.

Ba a ce aikin nan ba shi da aibu. Tsofaffin malamai sun yi ƙorafin da har yau ake yi: abin da aka tsara don mutum 100 cikin sahu ya fi kama da fareti, hoto yana nuna inda hannu ya tsaya amma ba ya nuna nauyin da ke bayansa, akwai kuma abin da sai jiki ya taɓa jiki ake gane shi. Wannan gaskiya ne, wanda ya koyi kokowa daga littafi kaɗai zai sha ƙasa ranar farko. Sai dai zaɓin da ke gabansu a 1910 ba tsakanin cikakke da ragagge yake ba. Tsakanin ragagge ne da babu. Aibu na biyu ya fi wannan haɗari: gidan ya jingina da aljihun mutum 3. Ko da yake a 1919 wani da ya ɓoye sunansa ya ba da kyautar dalar azurfa 30,000 aka yi lambun shaƙatawa da ita, da kasuwancin samarin nan ya karye a tsakiyar shekarun 1920 sai da aka rabu da gidan da suka gina, aka koma wani zaure a unguwar Hongkou. Abin da ya cece su shi ne kowane reshe da kwamitinsa da asusunsa, bai jira Shangai ta ciyar da shi ba.

A nan kwatanci guda yana da amfani ga masu riƙe da ragamar hukuma. A 1928 gwamnatin Nankin ta kafa tata babbar cibiyar dabarun faɗa, ƙarƙashin Janar Zhang Zhijiang, da kuɗin baitulmali, da manyan malamai, da jarrabawar ƙasa baki ɗaya. Tun farko ta yi kuskuren da Jingwu ta kauce wa: ta raba gidan biyu, ɓangaren Shaolin da ɓangaren Wudang, ba a jima ba ɓangarorin suka kama gwada ƙarfi da juna har aka soke tsarin. Da yaƙin Japan ya ɓarke a 1937 ta yi ta ƙaura daga gari zuwa gari tana bin gwamnati, kuɗi suna raguwa, a 1948 ta rufe. Shekara 20 ta yi. Ita ma Jingwu ta Shangai ta sha wuya: yaƙi ya taɓa ta, bayan 1949 ta shiga ƙarƙashin sabon tsari, lokacin Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976 aikinta ya tsaya. Amma a daidai waɗannan shekaru rassan Malesiya da Singafo da Hongkong suna nan suna ƙirga layi 12. Reshen Kuala Lumpur har babban zauren wasanni ya gina wa kansa a 1953. Da ƙofa ta sake buɗewa a Sin, uwa ta tarar da ƴaƴanta sun riƙe mata kayanta. A 2014 gwamnatin Sin ta sa wushu na Jingwu cikin jerin al'adun gado na ƙasa da ake kiyayewa.

To, me ya sa sunan Huo ya danne na sauran? Da farko su da kansu suka so haka. Sun san talaka ba ya shiga gida don tsarin jarrabawa, don jarumi yake shiga, saboda haka suka rataye hotonsa, suka riƙa tunawa da shi, suka bar zancen guba ya yi musu kiran kasuwa. Ba don sunansa ba, da almajiran nan 73 ba su taru ba. Daga 1923 marubucin labaran jarumai Xiang Kairan ya sa shi cikin wani dogon labari da ya sami karɓuwa ƙwarai. Bruce Lee ya zo a 1972. A 1981 wani gidan talabijin na Hongkong ya yi wasa mai dogon zango a kansa, wanda da aka nuna shi a babban yankin Sin a 1983 mutane suka yi ta cincirindo gaban akwatunan talabijin. Jet Li ya fito a matsayin Chen Zhen a 1994, ya sake fitowa a matsayin Huo kansa a 2006. Wannan na ƙarshe ya nuna an kashe masa uwa da ɗiya saboda girman kansa, abin da bai faru ba, har wani jikansa ya kai ƙara kotu a Pekin, kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2009 garin da ƙauyen Huo yake ciki aka sake masa suna ya zama Jingwu, ko da yake tsakaninsa da inda aka kafa makarantar ya kai wajen kilomita 1,000.

Chen Gongzhe ya ƙare rayuwarsa a Hongkong, yana rubuce-rubuce yana tonon kayan tarihi a bakin teku, ya mutu a 1961. Yaron da ya shiga reshen Chin Woo na Kuala Lumpur ko na Singafo yau, hoton Huo Yuanjia zai gani a bango. Da aka tsayar da shi cikin sahu kuwa, darasinsa na farko ba mizong na gidan Huo ba ne: tantui ne, layi 12, yadda Zhao Lianhe ya koyar da shi, yadda Chen Tiesheng ya rubuta shi ƙarƙashin hotuna.